Ranar da na sanar zan auro mata a Burno

Kun dai san yadda aka yi. An sa rana, ango ya ce mu je Burno (Brno), wani birni a ƙasar Cek, gidan kakarsa in gaisa da dangi. Na ce ba zan je in yi zaman kurame ba, sai na kira Yayanmu na Ostrava, tunda shi ya daɗe a ƙasar Cek har ya yi aure can, ya ba ni jimla ɗaya in haddace.

Ana gama shan miya na miƙe, na gyara mayafi, na yi murmushin amare, na ce: "Budu se ženit."

Tsit. Kaka ta ajiye cokali. Ango ya sunkuyar da kai yana ƙare wa farantinsa kallo. Ni kuwa na zaci ba su ji ba ne, na ƙara ɗaga murya na maimaita, har da dafa ƙirji. Sai wani kawunsa mai jar fuska ya tuntsire da dariya yana bubbuga tebur, ya ce ina yarinyar take, kyakkyawa ce?

Ashe a yarensu namiji ne ke "ženit se", daga žena, wato mace. Mace kuwa "vdát se" take yi, ta zama vdaná, shi ya zama ženatý. "Budu se vdávat" ya kamata in ce. Wato dai na tsaya gaban surukai na sanar, sau biyu, cewa zan yi mata.

Duk aikin Yaya ne. Jimlar bikinsa ya kakkaɓe ya miƙo min. Na shige banɗaki na kira shi, wai "Au, ai na manta ke mace ce." Mutumin da ya ari tukunyar tuwona tun azumin bara, kullum sai ya ce tana mota. Wace mota? Ai ya sayar da motar!

Kawun nan kuma tun ranar ženich yake kira na, wato ango. Ya kuma kafe sai an liƙa min "-ová" a ƙarshen sunan mijina kamar sauran matan gidan, alhali tun 2022 doka ta bar wa mace zaɓi. Na faɗa masa, ya ce ango ai ba ya buƙata.

Wai kuma ranar biki za a fasa faranti mu share tare. Yaya, idan kana karantawa, tukunyata.