Yadda Tsofaffin Maori Suka Ceto Harshensu

Duk lokacin da aka ce wani harshe yana shirin ɓacewa, abin da ake fara kira a yi shi ne a rubuta ƙamus ko a kafa hukuma. A ganina al'ummar Maori ta ƙasar Nuzilan ta nuna cewa maganin yana bakin tsofaffi, matuƙar an kai musu jikoki tun suna goye.

Tun daga dokar makarantu ta 1867 aka mayar da Turanci harshen koyar da 'ya'yan Maori, har ta kai ana dukan yaro idan ya yi yarensu a harabar makaranta. Waɗanda suka sha wannan bulala da suka girma sai suka ƙi koya wa 'ya'yansu, ba don ƙiyayya ba, sai don gudun kada su ma su wulaƙanta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma jama'a suka kwarara birane neman aiki, inda ba a jin komai sai Turanci. Kafin shekarun 1980, waɗanda suka iya harshen sosai ba su kai kashi 20 cikin 100 na Maori ba, akasarinsu kuma masu furfura ne.

A 1972 matasa suka kai wa majalisar dokoki takardar koke mai ɗauke da sa hannun mutum sama da 30,000, suna neman a koyar da harshen a makarantu. Amma abin da ya fi burge ni shi ne wanda aka fara a 1982 a Wainuiomata, kusa da Wellington, babban birnin ƙasar, wato gidajen rainon yara da ake kira Kohanga Reo. Tunda iyaye ba su iya ba, sai aka tsallake su, aka haɗa kakanni da jikoki a ɗaki ɗaya, ana ci ana wasa ana waƙa, babu mai furta kalmar Turanci. Sai daga baya gwamnati ta biyo sahu: a 1987 harshen ya zama na hukuma, a 2004 kuma aka buɗe masa gidan talabijin.

Dalilin wannan nacin kuwa a fili yake ga wanda ya san al'adunsu. Idan baƙi suka zo dandalin taron dangi da suke kira marae, mace ce take fara rangaɗa kiran maraba, wata daga cikin baƙin ta amsa, sannan dattawa su yi jawabai, kowane jawabi a rufe shi da waƙa, kafin a gaisa ta hanyar haɗa hanci da hanci, a zauna cin abinci. A zaman makoki ma, wanda yakan ɗauki kwana uku, mamacin ake fuskanta ana yi masa magana kai tsaye. Ranar da aka rasa mai iya wannan kira da wannan jawabi, al'adar ta tsaya cak, ko da ginin yana nan.

Ban ce sun gama tsira ba, domin har yau Maori da yawa ba sa iya doguwar hira da harshensu. Abin da ke damuna shi ne mu Hausawa idan muka karanta irin wannan labari, mukan ɗauki kanmu a matsayin waɗanda Turanci ya danne, alhali a wurare da dama namu harshen ne yake haɗiye na wasu. A ƙasar Bauchi, harshen Ajawa ya ɓace tun tsakanin 1920 da 1940 saboda masu shi sun koma Hausa, haka ma Kubi ya bi bayansa. Akwai gidaje a Bauchi da Filato da kudancin Kaduna inda kaka take magana da yarenta jika yana amsawa da Hausa, wani lokaci ma don gudun gorin abokan wasa ne.

Ina alfahari da yaɗuwar Hausa, amma bai kamata maƙwabcinmu ya ji kunyar yarensa a gabanmu ba. Gidajen rediyon jihohinmu su ƙara wa waɗannan harsuna lokaci, mu kuma mu hana 'ya'yanmu kwaikwayon maganar wani don a yi dariya.