Littattafan fyaucewa: gardamar masu karatu da tambayar da ake tsallakewa

Jirgi na can sama bisa tekun Atlantika cikin dare, kwatsam sai wasu fasinjoji suka ɓace daga kujerunsu. Riguna na nan, takalma na nan, tabarau na nan, masu su ne babu. Matuƙin jirgin, Rayford Steele, ya karkata akala ya koma Chicago, ya isa gida ya tarar matarsa da ƙaramin ɗansa su ma sun tafi. Haka littafin Left Behind ya buɗe, wanda Tim LaHaye da Jerry Jenkins suka fitar a Amurka a 1995, sunansa kuma na nufin waɗanda aka bari a baya. Kafin ƙarshen 2007 jerin ya kai littafi 16, an sayar da kwafi sama da miliyan 60, an yi fim da shi a 2000, aka sake wani a 2014 da Nicolas Cage. Shekara talatin ke nan, amma masu karatu ba su daina kai ruwa rana a kansa ba.

Ga mai karatun da bai tashi a coci ba, ga gundarin koyarwar a taƙaice. Wata rana, ba zato ba tsammani, za a ɗauke masu bi na gaskiya daga duniya, abin da Kiristocin Hausa ke kira fyaucewa. Daga nan sai shekara bakwai na ƙunci mai tsanani ƙarƙashin magabcin Almasihu, wanda Musulmi zai fi gane shi in an ce masa Dujal. Bayan haka Yesu ya dawo a bayyane, a yi yaƙin ƙarshe. Marubutan sun ɗauki wannan jadawalin suka sa masa nama: matuƙin jirgi, ɗan jarida, limamin coci da aka bari saboda imaninsa na baka ne, da wani ɗan siyasa daga Romaniya mai suna Nicolae Carpathia, mai daɗin baki, wanda ya hau kujerar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ni Kirista ne, na kuma karanta littattafan tun ina saurayi, aron hannu zuwa hannu, har bangon littafin ya yi laushi kamar tsumma. Don haka idan na ji wani yana cewa waɗannan littattafai ne suka farkar da shi, suka mayar da shi ga addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, ba na yi masa dariya. Na san abin da yake nufi. Wata malama a Amurka, Amy Johnson Frykholm, ta zauna da masu karanta su ta yi hira da su, ta fitar da bincikenta a 2004. Abin da ta nuna shi ne karatun ba na mutum shi kaɗai a ɗaki ba ne. Littafin yana yawo ne tsakanin 'yan'uwa da abokai da 'yan coci ɗaya, kuma sau da yawa mai miƙa shi yana miƙawa ne ga wanda yake tsoron kada a bar shi a baya. Matar da ta ajiye wa mijinta littafin a gefen gado, ƙauna ce ta sa ta. Duk mai sukar da ya kasa ganin wannan, bai san mutanen da yake magana a kansu ba.

A ɗaya gefen akwai masu cewa rubutun ba shi da armashi, jaruman kamar an yanko su daga kwali, hira ta yi yawa a waya, kuma duniya ta rasa dukan ƙananan yaranta a dare ɗaya amma cikin 'yan kwanaki mutane sun koma harkokinsu kamar ba a yi komai ba. Gaskiyarsu ce, amma wannan ƙaramar magana ce. Littafi mai rauni da yawa ya yi kasuwa, gobe ma wani zai yi.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda masoya littafin ke karewa da ita idan an matsa musu: ai ƙagaggen labari ne kawai. A nan na rabu da su, domin su kansu marubutan ba haka suka ɗauke shi ba. LaHaye fasto ne da ya shafe shekaru yana koyar da annabci. Shi ke tsara abin da ya yi imani zai faru daki-daki, Jenkins kuma ya mayar da shi labari. Sunayen mutanen ƙage ne, jadawalin kuwa an miƙa shi ne a matsayin abin da Allah ya faɗa. Mai karatu kuma haka yake karɓarsa. Ka saurari gardamar matasa bayan sujada kan ƙarshen zamani, za ka ji wani ya kawo abu da cikakken tabbaci, ka ce ya nuna maka aya, ya yi ta buɗe shafuka bai samu ba, domin a labari ko a fim ya gani.

Kuma wannan jadawali ba tsohon gadon dukan Kiristoci ba ne. Dawowar Almasihu da tashin matattu da shari'a, waɗannan kowace ɗarika ta yarda da su tun farko. Amma raba dawowar gida biyu, a ce akwai ɗaukewa a asirce kafin shekara bakwai na ƙunci, wannan wani malamin Kirista mai suna John Nelson Darby ne ya tsara shi ya yaɗa a Birtaniya da Ayalan daga shekarun 1830. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield da ya fito a 1909 ya shigar da shi gidajen Amurkawa, marubuci Hal Lindsey ya ɗora shi kan labaran yaƙin cacar baka a 1970, fim ɗin A Thief in the Night na 1972 ya hana yara da yawa barci. Katolika ba su koyar da shi, 'yan Otodoks ba su koyar da shi, Lutheran ma haka. Barbara Rossing, malamar Sabon Alkawari 'yar Lutheran, ta rubuta littafi guda a 2004 don rushe shi. Bishop-bishop na Katolika a jihar Illinois sun fitar da sanarwa a 2003 suna jan kunnen mabiyansu, kuma suna da dalili: a cikin labarin, wani babban limamin Katolika ne ya zama shugaban addinin ƙarya na duniya baki ɗaya. Mutum na da 'yancin bin Darby, kuma akwai malaman kirki masu tsoron Allah da ke binsa, har a coci-cocinmu na Arewa inda 'yan mishan suka zo da koyarwar. Abin da ba daidai ba shi ne a bar yaro ya girma yana zaton duk Kiristan da bai yarda da ita ba, bai yarda da Littafi Mai Tsarki ba.

Ko ayar da ake yawan kafa hujja da ita, ta mutum biyu a gona a ɗauki ɗaya a bar ɗaya, a Matiyu sura 24, tana zuwa ne bayan ambaton zamanin Nuhu, inda waɗanda ruwa ya kwashe su ne suka halaka. Malamai da dama na ganin a wannan misali wanda aka bari shi ne ya tsira. Ba sai ka yarda da su ba, amma ya kamata ka san akwai su.

Yanzu ga abin da ban cika jin masu karatu na taɓowa ba, alhali shi ya fi shafar mu. A cikin waɗannan littattafai, mugun duniya yana shigowa ne da maganar zaman lafiya. Carpathia yana kira a ajiye makamai, a haɗa kan ƙasashe, a kawo addinai teburi ɗaya. Mai karatu da ya shafe littafi goma sha shida a cikin wannan duniyar yana fitowa da wani irin kunne: da ya ji ana zancen sulhu tsakanin addinai sai gabansa ya faɗi. Ga mutumin da ke zaune a wata unguwar Amurka mai tsit, wannan ra'ayi ne kawai, ba ya cinsa komai. Ga mu da muka ga Kaduna a 2000 da Jos a 2001, magana ce ta rai da mutuwa. A shekarar da Left Behind ya fito, 1995, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka fara aikinsu na sulhu a Kaduna, mutum biyu da a da suke jagorantar matasa masu gaba da juna, Wuye ma ya rasa hannunsa a rikici. Babu wanda ya bar addininsa a cikinsu. Idan labarin da matashi ya sha ya sa yana kallon irin wannan zama a matsayin share fagen magabcin Almasihu, to labarin ya cuce shi, ya cuci garinsa.

Sai kuma yadda aka zana ƙarshen. A littafi na 12, Glorious Appearing, na 2004, Yesu ya dawo, yana magana jikin maƙiyansa na tsagewa, jini na malala, an kuma tsaya an bayyana shi filla-filla. Nicholas Kristof ya soki wannan da kakkausar murya a jaridar New York Times a shekarar. Masu kare littafin suka ce ai hukunci na nan a Wahayin Yahaya, ba mu muka ƙirƙira ba. Hukunci na nan, ban musa ba. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin gaskata hukunci cikin tsoro da makyarkyata, da kuma zama a kujera kana jin daɗin kallonsa kamar wasan dambe da ɗan unguwarku ke cin nasara. Waɗanda ake tsagawa a shafin nan, in ka ɗago kai daga littafin, su ne mai shayin bakin layinku da abokin karatunka. Yesun da na sani ya yi kuka ne a kan Urushalima da ya hango abin da zai same ta.

Akwai kuma wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Alkawarin da ke tsakiyar labarin shi ne za a ɗauke ka kafin wahala ta fara. Ka je ka faɗa wa gwauruwar da ta gudo daga Gwoza da 'ya'yanta a ƙafa, ko iyayen Chibok da har yau wasu ba su ga 'ya'yansu ba tun 2014, cewa ƙuncin bai zo ba tukuna. Wahayin Yahaya an rubuta shi ne daga tsibirin Batmos, zuwa ga ikilisiyoyi bakwai da ke zaune ƙarƙashin daular Rum, kuma kalmar da yake ta maimaita musu ita ce jimiri. Littafi ne na mutanen da ke cikin wuta. Mu ne ya kamata mu fi Amurkawa gane shi, amma sai ga shi mun koma muna aron idonsu don karanta shi.

Illar ba ta tsaya a tunani ba. Sura ta 13 ta Wahayi ta ambaci alama a hannun dama ko a goshi, da lamba 666. Ba ta ambaci wata 'yar na'ura da ake dasawa a ƙarƙashin fata ba. Wannan hoton daga wa'azi da littattafai da fina-finan zamaninmu ya fito, kuma jerin Left Behind ya yi amfani da shi sosai. Shi ne ya yi ta dawowa a bakin mutane lokacin rajistar BVN da NIN, ya dawo da ƙarfinsa a 2020 kan 5G da rigakafin korona. Na san dattijuwar da ta daɗe ba ta taɓa kuɗinta na banki ba saboda wannan tsoro. Masu sa ranar dawowar Yesu kuma ba su gajiya, duk da aya ta 36 a Matiyu 24 ta ce ranar nan da sa'ar nan ba wanda ya sani. William Miller ya sa 1844, Edgar Whisenant ya sa 1988, Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011. A 2022 'yan sanda suka fito da mutum 77 daga ɗakin ƙasa na wani coci a garin Ondo, da yara a cikinsu, suna zaman jiran fyaucewa. LaHaye da Jenkins ba su sa rana ba, kuma zalunci ne a ɗora musu laifin Ondo. Sai dai zuciyar da aka saba mata da tsoro ba tare da ilimi ba, ita ce gonar da irin waɗannan mutane ke shuka a ciki.

Ban ce a hana karanta su ba. Hani ƙara wa littafi kwarjini yake yi, kuma wanda ya kai shekarun hankali ya isa ya zaɓi abin karatunsa. Fastoci da malaman makarantar Lahadi nake kira: ku karanta abin da 'ya'yanku ke karantawa, ku zauna da su ku ware musu aya daban, ra'ayin Darby daban, ƙagen Jenkins daban.

Kwanakin baya 'yar yayata ta gama na farko ta zo neman na biyu. Na ba ta, amma sai da muka buɗe 1 Tasalonikawa sura 4 tare, inda maganar fyaucewa cikin gajimare take, muka fara daga aya ta 13 maimakon ta 17. Ta karanta, ta ɗago ta ce, Kawu, ashe wa masu makoki Bulus yake rubutawa. Mutanen Tasalonika sun binne 'yan'uwansu, suna tsoron ko matattun sun rasa rabonsu a dawowar Ubangiji, shi ne yake kwantar musu da hankali cewa za a haɗu. Ta ci gaba zuwa aya ta 18, inda ya ce su ta'azantar da juna da waɗannan kalmomi, ta maimaita ta sau biyu, sannan ta sa littafi na biyun a jaka.