Ranar da shokozoba ta kusa cire mini haƙori

A-kori-kurata Ford F-250 ce, irin ta ɗaukar kaya da jan tirela, kuma ta daɗe tana yi mini rawa a hanya. In na faɗa rami ɗaya, sai ta yi tsalle uku kafin ta natsu. In na taka birki, gabanta ya duƙa kamar mai gaida suruki. Da na leƙa ƙasa, sai ga shokozobar baya, wato abin da ke hana mota tsalle-tsalle, ta jiƙe da mai, ƙura ta manne mata. Iyakar abin da na gane daidai a wannan labarin ke nan: ta mutu.

Dama bayan motar yana zama ƙasa in na yi mata lodi, sai zuciyata ta ce tunda saye za a yi, a sayi dogaye masu ƙarfi su ɗaga ta. Kwana uku na yi ina karatu a intanet. Na gane akwai mai bututu biyu, mai laushi a kan kwalta, akwai kuma mai bututu ɗaya, wadda fistin ya raba man cikinta da iskar naitirojin, don haka ko ta yi zafi a gargada man ba ya kumfa, kuma tana saurin hucewa. Na haddace wannan tsaf, har ina tsare uwargida ina yi mata lacca, ita kuma tana cewa "to, madalla" ba tare da ta ɗago kai ba. Na zaɓi mai bututu ɗaya guda biyu, domin ba a canza ɗaya a bar 'yar uwarta. Sai na danna mafi tsawo a jerin. An rubuta ƙarara cewa na motar da aka ɗaga da inci 4 ne, tawa kuwa tana nan yadda ta fito daga kamfani. Na karanta, na ce ai shi nake nema.

Da suka iso, kowace an ɗaure ta da wani madauri. Na ɗauka na kwali ne, na sa almakashi. Sai na ga abu yana miƙewa a hankali kamar macijin da ya ji rana. Ashe madaurin ne ke riƙe ta a matse don kada iskar ta miƙar da ita, ba a yanke shi sai an kusa zura ƙusa. Na kwanta a ƙarƙashin mota, na dafe ta da hannu biyu ina nishi, saura kaɗan ramin ƙusar ya zo daidai, ta kuɓuce ta sami haɓata. Na daɗe kwance ina ƙirga haƙorana da harshe.

Da taimakon jak da taurin kai dai na ɗaura su. Na yi lodi, bayan motar ya zauna daidai inda ya saba. Ramin farko kuwa, ƙwam! Na zaci wani ne ya buge ni ta baya, har na fito da shirin faɗa, ban tarar da kowa ba.

Bakanike ya leƙa, ya fito yana goge hannu. Ya ce, "Alhaji, wa ya ɗaura maka wannan?" Na ce wani yaro ne. Ya ce, "Allah ya shirye shi. Shokozoba ba ta ɗaukar kaya, sifirin ke ɗauka, ita aikinta ta hana shi rawa. Wannan ta yi tsawo, tana ƙurewa tun kafin mota ta sauka kan robar da ke tare ta. Kuma yaron ya ɗaure noti mota tana kan jak, robar bush da ƙusar ke ratsawa duk ta murɗe." Ya auna tsohuwar a matse da kuma a miƙe, ya nemo daidai ita, sannan ya ƙara wa sifirin da ya gaji falle ɗaya kowane gefe. Motar ta miƙe.

Dogayen sun kurje, ba su mayuwa. Ɗaya yanzu ita ke tokare ƙofar gareji. Jiya uwargida ta tsaya a kanta ta ce, "Maigida, wannan mai bututu ɗaya ce ko mai biyu?"