Garanti ya ƙare Talata, taya ta fice Juma'a

Wanda ya ƙera keken tura jaririn nan namu, ina kyautata zaton ya ɓoye masa kalanda a ciki. Garantin wata 6 aka ba mu. Ya cika ranar Talata, ranar Juma'a bayan la'asar tayar gaba ta hagu ta yi mana sallama a Titin Gidan Zoo, ta gangara abinta, ta tsallake kwata, ta shige ƙarƙashin wani adaidaita sahu. Ummi na ciki tana ƙyalƙyala dariya, a ganinta sabon wasa Baba ya ƙirƙiro. Ni kuwa ga ni tsaye da babbar riga da keke mai ƙafa uku, teburin mai shayi ya samu kallo kyauta. Wani har da leƙowa: "Alhaji, a kira janwe ne?"

Da na isa gida Hajiyarmu ta dubi keken, ta dube ni, ta ce, "Ku duka da zani da majanyi na goya ku, ban taɓa jin majanyi ya yar da taya ba." Maman Ummi, wadda ita ta gano keken a gidan suna ta hana ni barci sai da na saya, ta sunkuyar da kai tana gyaran wake, wai ba ta ji ba.

Kafin in koma Kasuwar Sabon Gari sai da na biya ta wajen abokina lauya a majalisarmu. Ya ce garanti alkawari ne na ƙari daga mai kaya, ƙarewarsa ba ta kashe haƙƙin da doka ta ba mai saye. Dokar tarayya ta kare masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce dole kaya ya zama mai inganci, ya kuma jure amfani na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka. Cikin wata 3 na farko kana iya mayar da kaya mai aibi a gyara, a canja, ko a ba ka kuɗinka. Idan kuwa aka yi zargin kaya na da aibi, dokar ta ɗora nauyin kawo hujja a kan mai kaya. Ya ƙara da cewa jihar Kano ma tana da tata hukumar da ake kai ƙorafi. Na haddace wannan tsaf, ina maimaitawa a cikin adaidaita, keken na kan cinyata.

Mai shagon da ranar ciniki ya rantse mini cewa keken ɗan Turkiyya ne, har jikokina za su hau, yau kallonsa yake kamar baƙon da ya shigo ba sallama. Ya ce in kawo rasit. Na zaro shi daga jakar asibitin Ummi, ashe irin siririyar takardar nan ce ta na'ura, zafin Kano ya lashe rubutun tas. Ba kwanan wata, ba farashi. Abu ɗaya ne ya tsira, jan hatimin da ke cewa kayan da aka saya ba a dawowa da shi. Wannan kam tawadarsa raɗau.

Ya buɗe littafinsa, ya ƙirga da yatsu, ya girgiza kai.

"Kash! Alhaji, da ma Litinin ka zo."

"Ai ranar Litinin bai karye ba."

"To ka gani? Mu mun cika alkawari, shi ma keken ya cika."

Nan na gyara tsayuwa na zuba masa doka, har da shekara. Na ce hatimin nan nasa ba ya gaban dokar ƙasa. Ya saurara da ladabi, sannan ya tambaye ni a ina muke tura keken. Na ce a titi mana. Ya riƙe baki. "Titin Kano? Haba Alhaji! Wannan ai na kan tayil ne, daga falo zuwa ɗaki." Wato a fahimtarsa keken yawo na saya don zagaya kujeru.

Hayaniya ta jawo maƙwabcinsa, wani dattijo mai sayar da katifun yara, da carbi a hannu. Ya ce tun kafin dokar gwamnati shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da kaya saboda aibi, in dai aibin yana nan tun kafin ciniki kuma mai saye bai san da shi ba. Ya karɓi keken ya kifa shi, ya kankare wurin da ya karye da farce. Sandar da ke riƙe da tayar, wadda duk muka ɗauka ƙarfe ce, roba ce aka shafa wa fenti ruwan azurfa. Dattijon ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya ce, "Malam, wannan a Turkiyyar aka yi fentin ko a nan?"

Ana cikin haka ƙanin Maman Ummi da ke karatu a Ingila ya turo saƙon murya ta WhatsApp, wai su can mutum yana da har shekara 6 ya kai ƙara kotu a kan kaya mai aibi. Na ce ya turo kuɗin jirgi, ni da keken mu taho.

Aka dai yi sulhu irin na kasuwa. Kuɗi ba su dawo ba, sabon keke bai fito ba. Mai shago ya shiga sito ya ciro taya daga wani keken da shi ma garantinsa ya cika, ruwan hoda, ta ɗan ɗara sauran girma, ya haɗa mini da kacau-kacau na jarirai, ya ce a gai da Ummi. Dattijo ya sa ya biya kuɗin gyara, aka shafa fatiha.

Daga nan na wuce Ƙofar Ruwa wajen mai walda. Ya yanko guntun rodi irin na gini ya maye gurbin robar, ya ɗaure da noti biyu. Yanzu keken yana ɗan karkata dama, yana kuma ƙara, tun daga bakin layi ake sanin mun taho. Na tambaye shi garantin wata nawa zai ba ni. Ya ɗage baƙin gilashinsa ya ce, "Alhaji, keken zai sake karyewa, amma wallahi ba ta nan ba."