Kalma uku, abinci ɗaya

A harshen Jawa, na ƙabilar da ta fi kowace yawa a Indonesiya, kafin ka ce wani ya ci abinci sai ka auna matsayinsa. Ƙaninka "mangan" yake yi. Kai kuma in kana gaban babba, "nedha" kake yi. Mahaifinka kuwa "dhahar". Ko kalmar "kai" hawa uku ce: kowe, sampeyan, panjenengan. Maganar yau da kullum sunanta ngoko, ta ladabi krama, kuma fadojin sarakunan Yogyakarta da Solo, birane biyu a tsibirin Jawa, su ne suka fi ƙawata ta.

Yanzu dattawan can suna kukan cewa yara ba su iya krama ba, wai tarbiyya ta lalace. Ni ban yarda ba.

Yaron da ya tashi a birni, makaranta da talabijin da wayarsa duk da harshen Indonesiya suke yi masa magana, wanda matasa suka ɗauka a matsayin harshen ƙasa tun Oktoba 1928. In ya je gaida kakarsa tsoro yake ji. Krama ba ta yafe kuskure: ka ce "dhahar" a kan kanka, ka ɗaga kanka sama ke nan a gaban manya. Sai ya fake da harshen ƙasa, inda ba hawa-hawa. Kunya ce ta kai shi can, ba raini ba. Mu ma mun san wannan: wanda bai iya gaisuwar fada ba yakan yi shiru ne don kada ya kwafsa.

Kuma ƙorafin ba sabo ba ne. Tun zamanin mulkin Holan aka yi ƙungiyar Djawa Dipa a birnin Surabaya, tana kiran a watsar da krama, domin talaka ne kullum ke lanƙwasa harshe a gaban priyayi, wato masu sarauta.

Abin da ya fi damuna shi ne, bambancin bai tafi ba, wuri kawai ya sauya. Da, asalinka ake ji a bakinka. Yau ana sauraren ko ka iya Turanci, ko kana cewa "gue" da "lu", wato "ni" da "kai" irin na 'yan birnin Jakarta. Ɗan ƙauyen da ya iya krama tsaf, sai a yi masa dariya saboda lafazinsa mai nauyi, wanda suke kira medok.

A 2021 Yogyakarta ta yi dokar raya harshen Jawa. Madalla. Amma a wajen ganawar neman aiki a Jakarta ba wanda zai tambaye ka bambancin nedha da dhahar.