Abin da dogon hannun riga ke rufewa

Wata ƙawata da muka yi sakandare tare a Jos ta kira ni kwanan baya, muna cikin hira sai ta ce, wai da gaske ne a ƙasar Turawa yara su riƙa ji wa jikinsu ciwo da gangan ya zama ruwan dare, har ba a ɗauke shi a bakin komai ba? Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa, "Mu dai Allah ya raba mu da wannan masifa." Na ce amin. Amma ban iya barin maganar a nan ba, domin na ga abin a nan Ingila, na kuma gan shi a tsakar gidanmu a Gangare.

Shekara tara ke nan ina zaune a Bradford, shida daga ciki ina aikin taimaka wa malaman aji a wata makarantar sakandare. Tun makon farko aka zaunar da mu aka koya mana abin da za mu yi idan muka ga alama a jikin yaro. Kada ka yi salati da ƙarfi, kada ka yi faɗa, kada kuma ka yi masa alkawarin rufa asiri. Ka saurare shi, ka rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, ka kai wa malamin da aka ɗora wa alhakin kare yara a ranar, ba gobe ba. Kowace makaranta a nan tana da irin wannan malami. Yarinyar farko da na gani shekararta 13, ana zafin watan Yuni ta ƙi cire rigar sanyi. Da na kai maganar, matar da na samu ta karɓa cikin natsuwa, ko girarta ba ta ɗaga ba. Ranar na koma gida raina a ɓace, ina cewa mutanen nan zuciyarsu ta bushe. Sai daga baya na gane natsuwar nan koyonta aka yi, don yaron da ya ga babba ya firgice a gabansa ba zai sake nuna masa komai ba.

Ba zan ce ƙawata ba ta da gaskiya ko kaɗan ba. Akwai sabo a nan, kuma sabon yana ba ni tsoro. Yara suna maganar a tsakaninsu ba tare da ɗar ba, wani ya gani a wurin wani, sauran kuma waya ta ƙarasa koya musu. Duk ƙasar nan an san labarin Molly Russell, 'yar shekara 14 a Landan da ta rasu a 2017. A 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa ciwon damuwa da abubuwan da take kallo a intanet suna da hannu a rasuwarta. Ƙorafin mahaifinta ne ya matsa wa Instagram har ya hana hotunan raunukan da mutane ke ji wa kansu a 2019, kuma labarin nata na cikin abin da ya tura majalisa ta yi dokar kare mutane a intanet a 2023. Sannan ko an tura yaro wurin likitan ƙwaƙwalwa, sai ya yi watanni yana jiran layi. Don haka ba aljanna nake bayar da labari ba. Abin da kawai zan tsaya a kai shi ne, a nan abin yana da suna, kuma akwai ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

A watan Disamba na je gida bikin ƙanwarmu. Wanda ya san Jos ya san sanyin hunturu, kowa cikin suwaita da safa, ba wanda zai tambayi yarinya dalilin rufe hannu. Ranar ƙunshi mun cika ɗaki, mai lalle tana zana wa 'yanmata ɗaya bayan ɗaya har gwiwar hannu. Da aka zo kan 'yar yayata, mai shekara 15, sai ta ce a yi mata a tafin hannu kawai. Aka yi ta tsokanarta, wata ma ta kama hannun rigar za ta naɗe mata, ta fizge da ƙarfin da bai dace da wasa ba. Kowa ya ce miskilanci ne irin nata. Ni kuwa gabana ya faɗi, don na san wannan fizgewar.

Da dare na same ta a kicin ita kaɗai tana wanke kwanuka. Na ɗauki soso na tsaya kusa da ita, muka daɗe ba wanda ya ce uffan. Can na ce, "'Yata, ba faɗa zan yi miki ba. Akwai abin da ke ci miki rai ko?" Ta ce, "Anti, ba komai." Na ci gaba da ɗauraya. Sai da muka kusa gamawa ta ce, murya ƙasa ƙasa, "Anti, idan na yi, sai in ji abin da ya tokare min ƙirji ya ɗan sauka. Wallahi ba mutuwa nake so in yi ba." Ta ce a makarantar kwana ta fara, shekarar da manyan ɗalibai suka sa ta a gaba, kuma ba ita kaɗai ba ce a ɗakin kwanansu.

Wannan magana tata ita ce abin da masana suka daɗe suna faɗa. Yawancin yaran da ke ji wa kansu rauni ba ajali suke nema ba, hanya ce suka samu ta sauke ƙuncin da ba su iya faɗa da baki. Sai dai sauƙin na ɗan lokaci ne, ƙuncin ya dawo, a sake, kuma yaron da aka bari a haka ya fi sauran shiga haɗarin yunƙurin kashe kansa nan gaba. Shi ya sa ba a raina shi, ba a kuma yi masa ihu.

Da na gaya wa Yaya, abin da ta fara cewa cikin kuka shi ne, "Me na rage ta da shi? Ci ko sha ko sutura?" Mijinta ya ce iska ce, a kira malam ya yi ruƙiyya. Kakar yarinyar ta ce shagwaɓa ce da kallon waya, a zamaninsu bulala biyu ke maganinta. Dukkansu suna sonta, ban taɓa shakka ba. Amma ka duba sunayen da muke ba abin: aljanu, sammu, taurin kai, kwaikwayon Turawa. Kowane suna a ciki yana ɗauke mana nauyin zama mu tambayi yarinya me ke damunta. Mu da muke cewa labarin zuciya a tambayi fuska, mun bar duba fuskar, mun koma duba sakamakon jarrabawa.

Kuma in akwai garin da bai kamata ya yi mamakin ƙuncin 'ya'yansa ba, Jos ne. Mu da muka ga rikicin Satumban 2001, muka ga na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010, muka ji tashin bam a kasuwar Taminus a watan Mayun 2014, mu ne iyayen yaran nan. Mun binne mutanenmu, mun canza unguwa, mun ce haƙuri, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya tambaye mu yadda muke barci. Yaro ya tashi a gidan da ake firgita da ƙarar fashewar tayar mota, ba a kuma taɓa gaya masa dalili ba. Ga JAMB a gaba, ga uban da kasuwa ta karye masa, ga gorin dangi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ban ga abin da zai sa lissafin ya tsallake Anguwan Rogo ko Rikkos ba.

Na samari ma mun gan shi da idonmu, suna muka canza masa. Lokacin da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, kowa ya yarda akwai bala'i, don kwalaben suna zube a kwata. Yaron da ke shan abin da ya san zai lalata shi don ya manta da kansa na awa uku, shi ma jikinsa yake cutarwa. Nasa a fili yake, sai muka kira shi ɗan shaye-shaye muka huta.

Doka ma ba ta taimaka ba. A Penal Code, wato kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, sashe na 231, wanda ya yi yunƙurin kashe kansa zai iya shan ɗaurin shekara guda. Ingila ta soke irin wannan hukunci tun 1961, Ghana ta soke nata a 2023. Ji wa kai rauni daban, yunƙurin kisan kai daban, amma uwar da ta ji ana maganar 'yan sanda ba za ta tsaya bambancewa ba, ɓoyewa za ta yi. An samu ci gaba da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Sai dai likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma da yawansu suna nan asibitocin Ingila tare da mu. Wannan yana damuna, don ni ma abin da na koya, 'ya'yan wasu nake yi wa amfani da shi.

Ban hana a yi ruƙiyya ba, ni ma na tofa mata addu'a. Abin da na roƙi mijin Yaya shi ne kada a tsaya a nan, kada kuma a buɗe mata wa'azi da wuta. Na tuna masa hadisin Ɗufailu ɗan Amru da ke cikin Sahihu Muslim: mutumin da suka yi hijira tare ya yi rashin lafiya a Madina, ya kasa jurewa, ya ji wa hannuwansa rauni har ya rasu. Da labari ya isa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, addu'a ya yi: Ya Allah, hannuwansa ma ka gafarta musu. Haramcin cutar da kai yana nan daram, ba mai ja. Amma wanda ya fi mu sanin haramcin, da tausayi ya fara.

Kafin in dawo mun kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, Yaya tana ta jan mayafi kada wani ya gane ta. An cire ta daga makarantar kwana. Ba zan ce ta warke ba, ta sake yi sau ɗaya a watan Maris, amma wannan karon da kanta ta je ta gaya wa uwarta. Duk Lahadi muna waya. Yaya ta ce min yanzu idan ta ga yarinyar ta yi shiru da yawa, sai ta ɗauko tiren dankali ta ce, "Zo ki taya ni wanki," su zauna a tabarma su biyu har sai ta yi magana.