Zagaye shida, amma tambayar albashi ta zama laifi

Makon nan ma an sake yi. Wani matashi ya kai zagaye na 6 a neman aikin wani babban kamfani, aka shanya shi minti 40 gaban kwamfuta yana jiran a buɗe masa ganawar bidiyo. Da shugabar sashen kula da ma'aikata ta shigo, ko "yi haƙuri" babu. Kyamararta a kashe, sai murya. Ta jero tambayoyin da ya riga ya amsa wa mutum uku kafin ita, sannan ta ce ko yana da tambaya.

"Ranki ya daɗe, ina so in san albashin da aka ware wa wannan gurbin."

Shiru. Sai ƙarar madannai, alamar wani saƙon take rubutawa.

"Nawa ake biyan ka a inda kake?"

"Ranki ya daɗe, sau biyu na cike wannan a fom. Naku nake tambaya."

Ta yi 'yar dariya. "Mu fa masu kishin aiki muke nema, ba masu lissafin kuɗi ba. Ka san mutum nawa ke bayanka a layi?"

Masu kishin aiki! To ita kishi ake zuba mata a asusu ƙarshen wata? Kuma duk wanda ya san harkar ya san an amince da kasafin gurbin tun kafin a fitar da talla, da mafi ƙanƙantar albashi da mafi girma. Lambar tana gabanta. Tambayar tsohon albashinka dabara ce: idan ka faɗi abin da bai kai nasu ba, sai su ɗora ɗan kaɗan a kai, su ce sun yi maka gata.

A duba abin da mutum ya sha kafin ya iso wannan wulaƙancin. Ka ɗora CV, sai shafin ya ce ka sake rubuta duk abin da ke cikinsa gida-gida, makaranta da shekara da sunan kowane wurin aiki. Dalili kuwa, manhajar tace masu nema ce ke fara karanta takardarka, kuma tana rikicewa da jadawali da hotuna da rubutu mai ginshiƙi biyu. Mai ɗaukar ma'aikata yana bincika ta da kalmomin da ke cikin tallar. Ka shekara 8 kana aikin amma ka kira shi da wani suna, ka nutse ƙasa, ido bai taɓa sauka a kanka ba.

Ka tsira, sai kiran waya na minti 15. Sai jarrabawar lissafi da tunani da agogo a kanka, intanet ya yanke kuma kai ka jiyo. Sai bidiyon da kake magana da bango: tambaya ta fito a allo, a ba ka daƙiƙa 30 ka yi tunani, minti 2 ka amsa, babu ɗan Adam a ɗaya gefen.

Amma inda cutar ta fi ƙamari shi ne aikin gida. A ce maka na awa 3 ne, alhali tsarin tallata kaya ne na wata shida, ko gyaran wata matsala da kamfanin ke fama da ita a zahiri. Ka kashe hutun ƙarshen mako a kai, ka miƙa. Ba biya, ba yarjejeniyar cewa aikin naka ne, ba ko layi ɗaya na inda ka yi kuskure. Mutum 20 suka yi haka, kamfani ya sami shawarwari 20 a ɓagas. Bayan nan ne kwamitin mutum huɗu zai zauna da kai, biyu daga cikinsu a gabanka suke buɗe takardarka karon farko.

Sannan a yi maka ɗif. Wani lokacin an daskarar da ɗaukar ma'aikata ne ba a sauke tallar ba. Wani lokacin akwai ɗan gida da aka riga aka zaɓa, ku kuma an tara ku ne don a cika sharaɗin cewa an yi gasa.

Ina hukumomin ƙwadago suke? Kada wani ya ce abin ba ya gyaruwa. Jihar Colorado ta Amurka ta wajabta rubuta albashi a tallar aiki tun 2021. Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2023 da ta ce a sanar da mai nema albashi kafin ganawa, kuma ta hana a tambaye shi tsohon albashinsa. Lardin Ontario na Kanada ya sa doka cewa daga 2026 kamfani mai ma'aikata 25 zuwa sama sai ya sanar da wanda ya yi wa intabiyu inda aka kwana cikin kwana 45. Wasu gwamnatocin kuwa sai taron ƙara wa juna sani kan yadda matasa za su gyara CV, kamar matsalar daga takardar take. Mu ma jama'a da namu: ka yi ƙorafi a ce ka cika gaggawa, ka gode ma da aka kira ka.

Shi dai matashin, imel ya iso masa da tsakar dare daga adireshin da ba a mayar wa amsa, ko sunansa ba a rubuta daidai ba. Washegari tallar ta sake fitowa, an ƙara sharaɗin ƙwarewar shekara 2.